Kalmomi biyu da suka ƙona mana kwanturola

Ni ɗan gidan maƙera ne a cikin birnin Kano. Tun ina shekara bakwai nake zama gindin zugazugi ina hura wa Baba wuta, shi kuma yana ƙera lauje da fartanya da wuƙaƙen mahauta. Duk abin da ake yi da hannu, in na gani sau biyu, na uku ni zan yi. Abin da ya gagare ni tun ina yaro shi ne abin da aka rubuta da Turanci.

A takarda, tsarin ilimin ƙasar nan na lokacinmu ya ce daga aji huɗu na firamare da Turanci za a riƙa koyar da yaro. A makarantarmu kuwa malami zai cika allo da Turanci, ya juyo ya yi mana bayani da Hausa, mu kwafe abin da ke allon harafi bayan harafi. Haka na gama firamare, na gama ƙaramar sakandare. In ka ba ni littafi zan karanta maka da baki har ƙarshen shafi, amma in ka tambaye ni me na karanta, sai dai in sunkuyar da kai.

A 2013 na shiga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, sashen wayarin. Ranar da aka kawo takardar, wani maƙwabcinmu ya ce wa Baba, "Ai gara haka, Malam. Tunda kan nasa ba ya ja, ya je ya koyi aikin hannu." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Amma wannan magana ita ce cutar da ta fi cin ɗaliban makarantun sana'a, domin mu ma da kanmu mun yarda da ita. A ɗakin kwana muna cewa Turanci na 'yan ofis ne, mu masu fulaya da sukundireba ina ruwanmu da shi. Wanda aka gani da littafin Turanci a hannu har tsokanarsa ake yi, wai yana son ya zama lauya.

A wakshop ba ni da na biyu a ajinmu. Malamin da ke koya mana aiki da Hausa yake magana, sunayen kaya ne kawai na Turanci, su ma mun riga mun mayar da su namu: soket, fiyus, tasta, layif, nutural. Ya nuna mana cewa a tsohon tsari jar waya ce mai wuta, baƙa ce nutural, koriya ta ƙasa, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa da shuɗiya da mai ratsin kore da rawaya. Kafin ƙarshen shekarar farko ina haɗa fitila ɗaya da makunni biyu, irin na matakalar bene, ba tare da na duba zane ba.

Darasin Turanci kuwa wata duniya ce daban. Malami ɗaya ne ga dukkan sassan makarantar, ajinmu kuma mun haura tamanin. Ban ga laifinsa ba a yau, don ba mutumin da zai iya duba rubutun yara ɗaruruwa duk mako. Zai shigo ya karanta mana labarin wasu mutane a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, ya rubuta tambayoyi, a buga ƙararrawa. Akwai kuma dokar hana Hausa a aji, wadda ake kira banakula. Monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tarar naira 20. Dokar ba ta sa kowa ya yi Turanci ba. Shiru kawai ta koya mana.

Sau ɗaya na taɓa ƙarfin halin tashi in yi karatu a gaban aji. Na zo kan wata kalma mai harafin P, bakina ya fitar da ita da F, yadda bakin Bahaushe ya saba. Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda da su aka tayar, haka za su faɗa. Na zauna. Daga ranar har na bar makarantar ban ƙara buɗe baki a darasin Turanci ba.

A watan Mayu da Yunin 2016 muka zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 don jarraba ɗaliban makarantun fasaha da kasuwanci. A gwajin aikin hannu na gama kafin kowa. Amma ko takardun sana'ar tamu da Turanci ake tambaya, da Turanci ake amsawa. Na tuna wata tambaya da na bari fayau, bayan mun fito wani ya fassara min ita, ashe bambancin haɗa fitilu a jere da haɗa su gefe da gefe ake nema, abin da nake yi da hannuna kullum. Da sakamako ya fito na samu kiredit a darussan sana'a da lissafi. Turanci F9. A lokacin babu kwalejin kimiyya da fasaha da za ta ba ka gurbin difloma ba tare da kiredit a Turanci da lissafi ba, don haka ƙofa ta rufe.

Abokai suka ce akwai wata cibiya a wajen gari inda in ka biya, amsa ake rubuta maka a allo. Na kai wa Baba maganar. Ko ɗago kai bai yi daga kan uwar maƙera ba, ya ce, "Kuɗin ba ni da su. Ko ina da su, ba zan saya maka ƙarya ka ci abinci da ita har ka mutu ba." Na yi fushi da shi kwana da kwanaki.

Sai na kama aiki a shagon wani mai wayarin da haɗa sola a Sabon Gari, kusa da France Road inda ake sayar da kayan lantarki. Oga ya yarda da ni da wuri. Cikin shekara ɗaya ya fara tura ni ƙananan ayyuka ni kaɗai, abin da bai yi wa waɗanda na tarar a shagon ba. A raina na ce to, ga shi nan, ina amfanin Turancin?

Wata Asabar a ƙarshen 2017 ya tura ni wani gida a Hotoro. Batura biyu ne masu bolt 12, za a haɗa su a jere su ba da 24, da faranta shida na sola a kan rufi, da sabuwar kwanturola ta caji irin wadda ake kira MPPT, da ba mu taɓa ɗaura irinta ba. Oga ya ce, "Akwai takarda a cikin kwalin, ka duba kafin ka taɓa komai." Na duba kuwa. A shafin farko akwai wani layi a cikin akwati, da alamar gargaɗi a gefensa. Na gane kalmar haɗawa, na gane batir, na gane faranti. Tsakaninsu akwai wasu ƙananan kalmomi biyu, "prior to", na tsallake su kamar yadda na saba tsallake duk abin da ban sani ba. Tunda wayar faranta ce ta riga ta sauko daga rufi, ita na fara ɗaurawa. Rana tsaka ce. Na juya zan ɗauko wayar batir sai na ji ƙara kaɗan, tas, sai warin ƙonewa.

Abin da layin ke cewa shi ne a haɗa batir kafin faranti. Kwanturola daga batir take samun wutar da za ta farka, ta gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24, sannan ta san inda za ta zuba abin da rana ta kawo. In ka sakar mata ƙarfin faranta ba batir, wasu suna jurewa, wasu ba sa jurewa. Tamu ba ta jure ba.

Oga ya zo a kan babur, ya shinshina na'urar, ya ba mai gidan haƙuri. Sai da muka fito waje ya miƙo min takardar. "Ka ce ka karanta?" Na ce, "Na karanta, Oga." Ya ce, "To karanta min nan, ka faɗa min da Hausa." Na karanta da baki tsaf. Fassarar ce ta gagara. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wallahi duk shagon nan ba mai hannunka. Amma ba zan ƙara tura ka aiki kai kaɗai ba, sai ranar da ka iya gane abin da ke cikin kwali. Yau kwanturola ce. Gobe gidan mutane ne da 'ya'yansu a ciki." Daga aljihunsa ya sayi wata, kuɗin da ya fi abin da nake samu a wata uku, bai cire min ko kwabo ba. Da ya zage ni ko ya mare ni da ya fi min sauƙi. Washegari na koma riƙe tsani da miƙa fulaya, kamar sabon yaro.

A daren na kasa cin tuwo. Baba ya kira ni zaure, na ba shi labari. Shi bai taɓa shiga ajin boko ba, amma shekara talatin yana ɗaukar karatu a zauren wani malami a unguwarmu bayan sallar asuba. Ya karɓi takardar, ya jujjuya ta, ya ce, "Wannan ai littafi ne. Mu da muke karatun Larabci, akwai Balarabe a cikinmu? Malam ya karanta kalma, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ka maimaita. Ba a wuce layi sai ya zauna. Gobe ka biya na jiya kafin a ƙara maka. Kai kuma an ce maka ana tsallake kalma a littafi?" Na ce to wa zai zama malamin? Ya ɗaga murya ya kira ƙanwata.

A lokacin tana aji biyu na babbar sakandare, shekara huɗu na ba ta. Ita ce mai ɗauko min ruwan wanka, ni ke raka ta Islamiyya tana ƙarama. In zauna gabanta a matsayin ɗalibi ya yi min nauyi ƙwarai, ita ma kunya ta kama ta. Ta ce, "Yaya, ni fa ban san komai a kan lantarki ba." Baba ya ce, "Shi ya sani. Ke ki kawo kalma, shi ya kawo aiki."

Haka muka fara, kullum bayan isha'i, a kan tabarmar tsakar gida da fitilar caji. Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, na raba kowane shafi gida uku: kalmar, ma'anarta da Hausa, sannan jimlar da na same ta a ciki. Ita za ta karanta layi, in maimaita. Ta faɗi ma'anar kalmomin da ta sani, wadda ba ta sani ba mu duba ƙaramin ƙamus ɗinta na makaranta. Sau da yawa fassararta ba ta ba da ma'ana, don kalmar da ta sani da nufin "na yanzu" a wurinmu ƙarfin wutar da ke gudu a waya take nufi, wadda ta sani da "gubar dalma" ko "jagoranci" a wurinmu silin waya ce. Sai in yi mata bayanin aikin, mu dawo kan jimlar tare, sai ka ga ta buɗe. Wani dare layi uku kawai muke yi. Umma tana gefe tana tsince shinkafa, in na yi kuskure a abin da aka biya jiya har ita take cewa, "A'a, ba haka ta faɗa ba."

Takardar shafi talatin da 'yan kai ce. Wata huɗu muka yi a kanta.

A cikin watannin nan na gano abin da ba wanda ya taɓa faɗa min a makaranta. Manyan kalmomin sana'a ba su ne matsalar ɗan makarantar fasaha ba, waɗannan mun sha su a wakshop. Ƙananan ne ke kashe mu, masu nufin "kafin", "sai dai in", "har sai", "in ba haka ba", "kada ya wuce", "tabbatar da". Su ne ke gaya maka me za ka fara, me za ka bari, ina iyakar na'ura take. Na ware musu shafukan ƙarshen littafina, ba su kai ɗari da hamsin ba, kuma da na riƙe su sai takarda ta biyu, ta wata inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta ɗauke mu mako uku kacal. Haka kuma kalmomin da ake buɗe tambayar jarrabawa da su, mai cewa ka lissafo, mai cewa ka yi bayani, mai cewa ka bambanta, mai cewa ka zana. Shekara uku na yi a kwaleji ba a taɓa zaunar da mu an rarrabe mana su ba, alhali aikin mako guda ne.

Daga nan abin ya zama min kamar ƙaiƙayi. Na tara kuɗi na sayi waya ta hannu a Farm Centre, ina sayen datar dare mai araha ina sauke bidiyon masu koyar da haɗa sola a YouTube, Indiyawa da Amurkawa, in kunna rubutun da ke bin maganarsu a ƙasa, in tsayar, in koma baya. Tunda na san aikin da hannunsu ke yi, kunnena ya riƙa kama abin da bakinsu ke faɗa. Duk kwalin da aka buɗe a shago, ni ke tsince takardar kafin a zubar. Ran Lahadi in tafi ɗakin karatu na Murtala Muhammad in zauna da littattafan lantarki. Da Inyamuran da muke sayen kaya wurinsu, waɗanda da Hausa muke ciniki tun da, na fara cewa su yi min Turanci. Wani dattijo a cikinsu ya ɗauki abin da gaske, in na faɗi kalma ba daidai ba sai ya riƙe rasit ɗin har sai na gyara.

Wata bakwai bayan abin da ya faru a Hotoro, aka kawo sabuwar inbata shago. Oga ya zaro takardar ya miƙo min a gaban kowa, bai ce komai ba. Na karanta shafin gargaɗin, na fassara shi da Hausa layi bayan layi. Da na gama ya ce, "Ɗauki jakarka, akwai aiki a Rijiyar Zaki."

Turancin jarrabawa kuma wani dutsen ne. Takardar inbata ba ta koya maka rubuta wasiƙa ko taƙaita dogon rubutu. A nan ƙanwata ta zama malama sosai. Ta ce kada in rubuta labarin abin da ban sani ba, in rubuta wasiƙa ga mai gidan da batirinsa ya mutu in bayyana masa dalili, ko in nemi aiki a kamfani, ko in ba da labarin ranar da na ƙona kwanturola. Wannan na ƙarshen sau biyar na sake shi. Ta samo jan biro, ba ta kuma jin nauyina a kan takarda. Na yi rajistar NABTEB ta Nuwamba da Disambar 2018, wadda 'yan waje ke zaunawa, da kuɗin gumina. Ranar da na duba sakamako a shagon intanet na ga C5, sai na kasa tashi daga kan kujerar. Da na isa maƙera na faɗa wa Baba, ya ajiye guduma, ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan taka ce." Ya ci gaba da aikinsa.

Na zauna JAMB a 2019, na samu gurbin difloma a fannin lantarki a Kano Poly. Annobar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, karatu ya ja, amma na gama. Rahoton koyon aiki na SIWES da hannuna na rubuta shi, na kuma tsaya gaban malamai na kare aikina na ƙarshe da Turanci. Har yau in na yi sauri P da F suna rikice min a baki. Ba ya hana ni magana.

Akwai abin da ke ci min rai in na tuna 'yan ajinmu. Wani abokina da ya yi sashen walda, ban taɓa ganin mai ɗinkin ƙarfe kamarsa ba. Yau wasu ne ke karɓo kwangila, su rubuta takardar farashi da yarjejeniya, su ba shi aikin a kan kuɗin da bai kai rabi ba, don ba ya iya karanta abin da aka sa hannu a kai. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. An raba masa Turanci da sana'arsa ne tun ranar farko, aka nuna masa wannan na masu ƙoƙari ne, wancan nasa ne. Da ni ke da iko da makarantun sana'a, da malamin Turanci a wakshop zai riƙa ba da rabin darasinsa, da takardar injin da yaran ke taɓawa a hannunsa, kuma da Hausa zai buɗe musu ita ba tare da an ci kowa tara ba. Tsoron faɗuwa jarrabawa bai sa na koyi komai ba a shekara uku, tara da dariya ma haka.

Ba kuma ina cewa Turanci ya fi Hausa ba ne. Yawancin inbatocin da muke ɗaurawa daga Sin ake kawo su, waɗanda suka ƙera su da harshensu suka yi karatu, Turancin takardun nasu ma wani lokaci a karkace yake. Ina fatan ranar da za a buɗe kwali a Kano a tarar da bayani da Hausa. Kafin ranar, yaron da zai hau rufin mutane dole ya gane wanda ke cikin kwalin yanzu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, masu janareta suka dawo neman sola. Da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a Oktoba 2024, har dare muke kan rufi. A cikin wannan kasuwar Oga ya sallame ni da albarka, na buɗe nawa shagon. Ƙanwata tana koyarwa a wata firamare yanzu, an yi mata aure, ni na yi wayarin ɗin gidanta.

Yara huɗu ke koyon aiki a wurina, uku daga cikinsu daga makarantun sana'a suka fito, dukkansu da matsalar Turanci a takardarsu. Sharaɗin da na kafa musu ɗaya ne: ba a taɓa sabuwar na'ura sai an zauna an biya shafin gargaɗinta, kalma bayan kalma, da Hausa, kuma ba a yi wa kowa dariya. Litinin da Laraba bayan magariba muna jan ƙofar shago rabi, mu shimfiɗa kwali mu zauna. Littafina mai gida uku yana hannun babbansu, bangon ya rabu har an ɗinke shi da zaren buhu. Zai zauna jarrabawar Nuwamba mai zuwa, na biya masa rabin kuɗin rajista, shi zai cika sauran. Jiya ya kawo min wasiƙarsa ta farko, zuwa ga wata Hajiya da ke son sanin dalilin da firjinta ke kashe inbata da asuba. Tana cikin jakata, zan kai wa ƙanwata ta duba da jan bironta ranar Juma'a.